Ranar da Na Bi Auta Kan Dutse

Talata: Tudun Wada zuwa Kaduna

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, ina idar da salla, na ja ƙofar gida na datse da kwaɗo. An kwana ana ruwa, lungunmu na Tudun Wada duk ya zama taɓo, sai da na tattare zane kafin na kai bakin titi. Kayana jaka ɗaya ce, sai ƙullin daddawa da kuka da yajin da na daka da hannuna, sai man shafawa na ciwon gwiwa.

Ni malamar firamare ce, shekara talatin da biyu na yi ina riƙe da alli kafin na yi ritaya. Maigidana Malam ya rasu shekara guda ke nan da wata biyu. 'Ya'yanmu maza uku duk aiki ya raba su da Zariya. Ta huɗun, Rukayya, wadda muke kira Auta, ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti kusa da Kagoro, ita da mijinta suna zaune a Kafanchan. Shekararta shida a can, ban taɓa zuwa ba. Ranar da Malam ya cika an yi ta kiran wayarta tun hantsi ba ta shiga. Ba ta iso ba sai washegari, an riga an kai shi. Ban taɓa yi mata maganar ba, amma abin na nan a raina.

Abin da ya fito da ni shi ne, yayana Alhaji Sani na Gyallesu ya ce ya san wanda zai taimaka a dawo da aikinta Zariya, har da na mijinta, in dai ta yarda. Sau uku ina kawo mata zancen a waya, sau uku tana cewa, "To Inna, za mu yi magana." Na ce bari in je da ƙafata.

Mai napep ya sauke ni a tashar Kwangila ƙarfe shida saura minti biyar. Motar Kaduna saura mutum biyu, na biya naira dubu uku, aka ba ni gefen taga saboda ƙafata. Shida da kwata muka tashi. Kilomita tamanin ne ko kusa da haka, hanyar da na sani tun ina amarya, don haka ban kalli komai ba, carbi na riƙa ja ina shirya abin da zan faɗa wa Auta. Mun wuce Jaji gari ya waye sarai, muka tsaya a shinge ɗaya aka leƙa but ɗin mota aka ce mu wuce. Takwas saura kwata muna tashar Kawo a Kaduna.

Kaduna zuwa Kafanchan

Motocin Kafanchan a can kudancin gari suke lodi, tashar unguwar Telabijin. Cunkoso ya ci mini kusan awa guda kafin na isa. Kuɗin mota dubu takwas, mota mai cin mutum bakwai. Direban wani dattijo ne mai furfura a gemu, ya kalle ni ya kalli jakata.

"Hajiya, biki za a je ko ta'aziyya?"

"Wurin 'yata."

"To ai biki ne. Shiga gaba, ki miƙe ƙafa."

Tara da rabi muka bar Kaduna. Daga Kujama zuwa gaba hanya ta zama baƙuwa a wurina. A nan ne hirar mota ta mutu. Kowa ya san labaran da ake ji game da wannan daji, ba sai an faɗa ba. Matar da ke bayana, mai gicciye a wuya, tana addu'arta ƙasa-ƙasa, ni ma ina tawa. Na ƙirga shingen jami'an tsaro shida kafin Kachia. A kowanne direba zai rage gudu ya ɗaga hannu ya ce, "Sannunku da aiki," su duba fuskokinmu su ɗage katako. A raina na ce, wannan hanyar ce Auta ke bi duk lokacin da za ta zo gida. Niyyata ta ƙara ƙarfi.

Sha biyu saura muka tsaya a Kachia. Ina buɗe ƙofa ƙanshin citta ya buge ni, an baza ta a kan leda a bakin titi, mata na tsaga ta da wuƙa. Na sayi gasasshiyar masara biyu, na ba matar bayana ɗaya, ita kuma ta miƙo mini ayaba. Ta tambaye ni aikin 'yata, na faɗa mata. Ta ce, "Ungozoma? Allah ya yi mata albarka. Mama, kin haifi mutum." Na ce amin, ban ƙara ba.

Bayan Zonkwa ƙasa ta fara tudu da kwari, ko'ina kore shar. Can gaba na hango wani abu baƙi ya tare rabin sama, na ɗauka hadari ne. Direba ya yi dariya ya ce, "Hajiya, dutse ne. Akwai mutane a kansa, da gonakinsu." Ni da na saba da Kufena da Madarkaci na Zariya ina ce musu duwatsu, na saki baki ina kallo.

Biyu da minti ashirin muka shiga Kafanchan. Auta na tsaye a tasha da farar rigar aiki a ƙarƙashin hijabi. Ta rame, ta yi duhu. Ta durƙusa har ƙasa a gaban mutane, na ce ta tashi kada ta ɓata farar riga.

Laraba: Kafanchan

Gidansu ɗaki biyu ne da falo, na haya, da bishiyar gwanda a tsakar gida. Surukina Malam Nasiru, malamin sakandare ne, ya zo ya gaishe ni daga bakin ƙofa kansa a ƙasa, ya koma wurin wani abokinsa da kwana don ya bar mana ɗaki. An yi mini tuwon acca da miyar karkashi. Acca ban taɓa cin tuwonta ba, tana da laushi, ba ta zama a ciki.

Na yini ina neman inda zan sako maganar. Da safe ta fita aiki, da ta dawo maƙwabta suka cika gidan zuwa gaida baƙuwa. Bayan la'asar na same ta ita kaɗai tana wanke wani akwatin roba shuɗi mai madauri.

"Wannan fa?"

"Na allurar rigakafi ne, Inna, ana sa ƙanƙara a ciki. Gobe Alhamis, ranar hawa ce. Duk bayan mako biyu nake zuwa wata unguwa a kan dutse, awon ciki da rigakafin yara. Ki huta a gida, kafin magariba na dawo."

"Mota na zuwa?"

"Ko babur ba ya zuwa. Ƙafa ce, awa biyu."

Ban san abin da ya shiga kaina ba. Wataƙila so nake in ga wahalar da idona, in sami abin da zan kafa hujja da shi. Na ce, "Da ni za a je."

Ta ajiye soso. "Inna, gwiwarki."

"Gwiwata ce ko taki?"

Ta san ni. Sai ta shiga ɗaki ta fito da takalmin roba mai igiya na mijinta, ta ce in gwada.

Alhamis: hawa

Shida da kwata babura biyu suka ɗauke mu. Muka tsaya a asibitinsu ta ɗauki magunguna, muka wuce ta cikin gonaki har inda hanya ta ƙare a gindin wata ƙatuwar ɗorawa. Bakwai saura minti goma. A nan wata mata ke jiranmu, gajera, kakkaura, ba takalmi a ƙafarta, za ta girme ni da shekara biyar ko fi. Auta ta ce, "Inna, ga Mama Rifkatu. Ita ke karɓar haihuwa a sama tun kafin a haife ni. Duk ranar hawa sai ta sauko ta tare ni."

Mama Rifkatu ta riƙe hannuna da hannu biyu. Hausarta ta mutanen dutse ce, ba ta damu da na mace da na namiji ba. "Maman Nas! Kin zo? Yau mun yi babban baƙo." Nas suke kiran Auta a can, wato ma'aikaciyar jinya. Mama Rifkatu ta kalli ƙafata, ta shiga cikin ciyawa, ta fito da sanda ta kakkarye rassanta ta ba ni. Ta ɗora akwatin allura a ka, ta yi gaba.

Rabin awar farko ban sha wuya ba. Hanya ce siririya tsakanin gonakin acca da aka yi musu matakala da duwatsu, raɓa na jiƙa mana zane. Daga nan dutse ya miƙe tsaye. Wani wurin sai ka dafa da hannu, wani wurin an sassaƙa gurbin ƙafa a jikin dutsen, ya yi sulɓi saboda yawan takawa. Numfashina ya fara fita da ƙara. Auta na bayana, duk inda na ɗaga ƙafa ina jin tafin hannunta a bayana, ba ta tura ni, ba ta kuma ɗauke ba.

Takwas da kwata gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Na zauna a kan wani falalen dutse, hawaye na zubo mini don zafi, na ce su je su dawo su same ni.

Mama Rifkatu ta sauke akwati ta zauna kusa da ni. "Ba a barin mutum a nan, birai za su zo su tambaye ki labarin Zariya." Ta kama gwiwar ta murza da man da na zo da shi, da ƙarfi, har na yi salati. Sannan ta ɗaga yatsa. "Ki yi shiru. Kin ji?"

Na kasa kunne. Ƙarƙashin kukan tsuntsaye akwai wani sauti mara yankewa, kamar ana ruwa a kan kwanon wata unguwa mai nisa.

"Ruwanmu ke nan," in ji ta. "In mun gama aiki Nas za ta kai ki. Wanda ya zo nan bai gan shi ba, bai zo ba."

Na juya na dubi inda muka fito. Ɗorawar da muka baro ta koma kamar tumfafiya. Ga rufin gidaje na ƙyalli, ga layin dogo ya ratsa daji, ga inuwar gajimare na tafiya a kan gonaki. Shekara nawa ina zana dutse da kwari a allo ina cewa yara su kwafa, ban taɓa tsayawa a kan ɗaya na leƙa ɗayan ba. Na dafa sanda na tashi. Hanyar awa biyu, awa uku da minti goma ta ci mana.

Unguwar kan dutse

Gidaje ne kamar ashirin na jar ƙasa, da rumbuna, da ƙaramin coci mai rufin kwano. Mata na zaune a gindin mangwaro da yara a baya, sun fi talatin, wasu daga wata unguwar suka taso tun da safe. Suna hango Auta suka ɗau guɗa. Ta gaishe su da yarensu, suka amsa suna dariya. Ban san ta iya ba.

Aka rataya sikeli a reshe, aka shimfiɗa tabarma a bayan wani zane da aka ɗaura don awon ciki. Ni aka ba ni kujera 'yar tsugunno, aka ce aikina rarrashin waɗanda aka yi wa allura. Na rarrashi goma sha ɗaya, biyu sun yi mini fitsari.

Wajen sha biyu na ga fuskar Auta ta canza. Wata yarinya ce mai ciki wata takwas, sunanta Talatu, cikin fari. Ƙafafunta sun kumbura, fuskar ma haka. Auta ta auna jininta, ta jira, ta sake aunawa. Ta tambaye ta ko kanta na ciwo, ko tana ganin wani abu na gilma mata a ido. Yarinyar ta gyaɗa kai. Aka aika gona aka kira mijinta, wani dogon saurayi mai suna Bulus, ya zo da lauje a hannu.

"Jininta ya hau sosai," in ji Auta. "Yau za ta sauka tare da mu. Ba gobe ba."

Ya ce acca ta nuna, tsuntsaye na ci, in ya bar ta kwana uku ba abin da zai tarar. Ya ce uwarsa ma da kumburi ta haife shi. Ya ce a ba ta magani, bayan girbi zai kawo ta da kansa. Ba da faɗa yake magana ba, mutum ne da ke kallon abincin shekararsa.

Auta, yarinyar da in baƙo ya shigo gidanmu take ɓuya a bayan zanena, ta tsaya a gabansa ta dube shi ido cikin ido. "Bulus, in jijjiga ta kama ta a nan, kafin ku sauko da ita an rasa biyu. Na ga haka a kan dutsen nan. Ba na so in sake gani."

Ya sunkuyar da kai yana juya lauje. Sai na ji bakina ya buɗe.

"Ɗana, zo nan." Ya matso ya rusuna. "Ina da ƙanwa, Safiya, uwa ɗaya uba ɗaya. Haka ƙafarta ta yi, muka ce ai cikin fari ne. A cikin gari muke, asibiti na kusa, muka ce sai gobe. A kan cinyata ta yi jijjiga. Shekara arba'in ke nan, har yau in na ga mai ciki ƙafarta nake fara kallo."

Mama Rifkatu ta yi magana da yarensu, mata uku suka amsa mata. Auta ta raɗa mini cewa sun ce za su shiga gonar su yanke masa. Bulus ya share fuska da hannun riga ya ce, "To Mama. Bari in haɗa kaya."

Auta ta ba Talatu ƙwayar magani, ta sa ta kwanta ta gefen hagu a ɗakin Mama Rifkatu, ta ce sai ta huta rana ta yi sanyi kafin a kama hanya. Ta sallami sauran matan. Ƙarfe ɗaya da kwata ta sake auna ta, ta ce ya ɗan sauka. Sannan ta dube ni. "Inna, muna da awa guda. Zo ki gani."

Wurin ruwan

Tafiyar minti goma sha biyar ce daga unguwar, ta cikin wani kurmi mai duhu. Tun muna nesa iska ta sauya, ta yi sanyi, tana ƙanshin jiƙaƙƙen ganye. Ƙarar na ƙaruwa har sai da muka riƙa ɗaga murya. Muka zagaya wani dutse, sai ga shi.

Rafi ne ya taho ta saman dutse, ya rasa ƙasa, ya zubo. Matsirga ake ce wa irin wannan wuri, kalmar da na sha koya wa 'yan aji biyar. Auta ta ce wannan ƙarama ce, ba ta kai wadda baƙi ke zuwa kallo kusa da Kafanchan ba, ba ta ma da suna, ruwanmu kawai suke cewa. Ni dai tsawonta ya fi bene mai hawa biyu a idona. Daga sama ruwan a haɗe yake, fari fat kamar an warware sabon alawayyo, a tsakiya ya daki wani ƙaton dutse ya rabu biyu, ya sake haɗuwa a ƙasa cikin wani tafki mai faɗin tsakar gida. Feshinsa na tashi kamar hayaƙi, inda rana ta ratso ta cikin ganye har da ɗan guntun bakan gizo. Gefen tafkin ruwan garau yake, ina ganin tsakuwa ɗaya-ɗaya da wasu ƙananan kifaye masu tsayawa cak su kuma ɓace.

Na daɗe a tsaye. A Tudun Wada ruwa abin lissafi ne, jarka nawa ta rage, yaushe mai kura zai zo. Nan ga shi yana ta zuba tun kafin a haife ni, ba mai tara ko bokiti. Na ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah," ban ma ji muryata ba.

Muka yi alwala. Sanyin ruwan ya shiga haƙorana har na yi ƙara, Auta ta tuntsire da dariya. Muka yi azahar a kan wani shimfiɗaɗɗen dutse, feshi na sauka a bayanmu. Bayan mun shafa ta ce in cire takalmi in sa ƙafa. Na zauna a baki na tsoma har gwiwa. Da farko kamar an soka mini allurai, can sai zafin da na hau da shi ya fara barina. Kifayen nan suka zo suna taɓa mini yatsu. Na kwashe ruwa da hannu biyu na watsa mata, ta rama, ni da furfurata. Ta kwance ƙullin dafaffiyar gyaɗa da gwaiba da matan suka ba mu, muka ci.

Ita ta fara. Ta matso kusa don in ji ta.

"Inna, na san abin da ya kawo ki. Kawu ya kira ni tun makon jiya."

Duk jawabin da na shirya tun daga Kwangila na neme shi na rasa. Abin da ya fito daban ne. "Gidan ya yi mini girma, Auta. In na yi tari ni kaɗai nake ji."

Ta sunkuyar da kai.

"Kuma ranar da Malam ya tafi, ya tambaye ki sau biyu."

Ban yi niyyar faɗa ba. Na ga maganar ta shige ta. Ta kalli ruwan ta ce, "Alhamis ce, Inna. Ina nan sama. Wata mata ce ɗa ya zo mata a gicciye, muka yini a kanta ni da Mama Rifkatu. Nan babu sabis sai an sauka rabin dutse. Da na kai wurin da kika zauna ɗazu, wayata ta fara ƙara, kira ashirin da wani abu. A nan na ji." Ta share ido da gefen hijabi. "Na yi wata uku in na hau ba na iya zuwa wurin nan. Ina ganin kamar na zaɓi wasu na bar Baba."

"Matar fa?"

"Tana cikin waɗanda suka zo yau. Yaron da ya fara yi miki fitsari, shi ne."

Na yi dariya, dariyar ta juye kuka, muka yi ta yi mu biyu, ƙarar ruwa ta rufa mana asiri. Shekara guda ina riƙe da abin da na ɗauka rashin kula ne, ban taɓa tambayarta ina take a ranar ba.

Da muka natsu na ce, "Ba ki jin tsoron hanyar nan?"

"Ina ji. Kullum. In kin ce in dawo, Inna, zan dawo, ba zan yi miki musu ba. Amma kafin a turo ni an yi shekara biyu ba wanda ya hau. Ina koya wa wasu 'yan mata biyu na unguwar awon jini. Ki ba ni lokaci su iya."

Da ta yi gardama da na san abin da zan ce. Amma ta miƙo mini wuƙa da nama, ga Talatu kwance a ɗaki, ga bakina da ya gama yi wa Bulus wa'azi. Na wanke fuskata da ruwan nan mai sanyi.

"Ba zan ce miki na ji daɗi ba," na ce. "Amma ki zauna. Allah ya tsare ki. Sai dai duk ƙarshen wata ina son ganin ƙafarki a Tudun Wada, ko ta kwana ɗaya ce."

Ta kama hannuna ta ɗora a goshinta. Biyu da kwata ta duba agogo ta ce mu tashi.

Sauka

Uku saura kwata muka kama hanya mu biyar. Bulus na gaba da ƙullin kaya, Mama Rifkatu na riƙe da Talatu, Auta na riƙe da ni. Sauka ta fi hawa cin gwiwa. Ni da Talatu muka zama abokan tafiya, duk inda ta tsaya nan nake tsayawa, mu zauna a dutse ɗaya muna haki muna kallon juna muna murmushi. Sau biyu Auta na auna ta a hanya. A wuraren da dutse ya yi tsaye Bulus ya goya ta. Shida saura minti goma muka iso gindin ɗorawa, inda Malam Nasiru ke jira da motar wani maƙwabcinsu, don Auta ta kira shi tun daga rabin dutse. Kai tsaye babban asibiti aka wuce da Talatu, aka ba ta gado.

Mama Rifkatu ba ta shiga mota ba. Ta ce za ta kwana wurin 'yarta a ƙasa, da safe ta hau. Ta rungume ni ta ce, "Maman Nas, kin iya hawa. Ki dawo da rani, ruwan ya fi sanyi."

Juma'a ban iya tashi ba, da bango nake dafawa in je alwala.

Asabar: komawa gida

Bakwai na safe muka bar Kafanchan, jakata ta fi yadda ta zo nauyi: acca mudu uku, citta, kwalbar zuma. Kachia tara da rabi, Kaduna sha biyu da kwata, na yi azahar a Kawo kafin mota ta cika. Huɗu saura kwata na sauka a Zariya, na ce wa mai napep ya fara kai ni Gyallesu.

Yaya Alhaji na zaune a zaure. Na gaishe shi na ce a bar maganar dawo da Auta. Ransa bai so ba.

"Hauwa'u, na riga na yi wa mutumin nan magana. Yanzu in koma in ce me?"

"Ka ce uwarta ce ta fasa, Yaya. Laifina ne, ka yi haƙuri."

Ya dube ni ya dubi yadda nake ɗingishi. "Me suka ba ki a can?"

"Dutse suka sa ni hawa."

Ya girgiza kai, ya ce Allah ya kyauta, ya karɓi zumarsa.

Biyar da minti goma na buɗe ƙofar gidana. Ganyen darbejiya ya cika tsakar gida. Ina cikin shara maƙwabciyata Hajiya Asabe ta leƙo ta katanga ta yi mini barka da dawowa, ta ce, "Ya Auta? Yaushe za ta dawo mana?"

Na ce, "Tana wurin aikinta, Hajiya. Ana bukatarta a can."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa direbobin da suka ba tsohuwa kujerar gaba, da surukina da ya bar mini ɗakinsa, da Mama Rifkatu da matan kan dutse da suka karɓe ni kamar sun san ni. Auta ta kira bayan magariba ta ce jinin Talatu ya daidaita, likita ya ce za a riƙe ta har ta haihu, Bulus kuma ya koma ya tarar mata sun yanke masa rabin gona. Har ranar da nake wannan rubutu ba ta sauka ba. Duk wanda ya karanta, ina roƙonsa ya sa ta a addu'a, Allah ya raba su lafiya.